Yadda za ka yi in ka ci karo da tsohon kwale-kwale a ƙasa

Mu nan Damagaram ba teku gare mu ba, amma kar ka ce ba ruwanmu. A 1987 wani Bafulatani yana gina rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya tono kwale-kwalen da ya kai shekara 8,000.

To in kana haƙa a bakin tabki ko tsohon gulbi ka ga katako baƙi mai siffar jirgi, ka ajiye digar. Kar ka fiddo shi rana wai ya bushe, wallahi tsagewa zai yi ya murɗe don ruwan ne ke riƙe da shi, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu da leda, ka riƙa yayyafa ruwa. Ɗauki hoto da waya, ka auna tsawo, sai ka sanar da mai gari da ma'aikatan al'adu.

Misali, jirgin ruwan katako mai suna Vasa na ƙasar Suwidin da ya nutse a 1628, da aka ciro shi a 1961 shekara 17 ana fesa mishi magani kafin a bari ya bushe.

Kuma don Allah a hana yara ɓallar guntu.