Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sabunta Manhajar Cikin Osiloskop na Hannu da Magwajin Kayan Lantarki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora wa manhajar ciki (firmware), wato manhajar da ke tafiyar da na'urar daga cikinta, laifin da ba nata ba. Na'ura irin FNIRSI DSO-TC3, wadda ta haɗa osiloskop (mai nuna siffar siginar lantarki a allo) da magwajin kaya wuri guda, iyakar saurin siginar da take iya aunawa kilohaz 500 ce, kuma iyakar daga sassan da aka ƙera ta da su ta fito, don haka babu sabuntawar da za ta ɗaga ta. Haka kuma, wanda ya gwada kafasita (abin da ke riƙe cajin lantarki) bai sauke cajinta ba har ta ƙona ƙafar ƙwaƙwalwar na'urar, gyaran hannu yake bukata.

Idan sabuntawar ta zama dole, a fara rubuta lambar sigar da ke ciki, sannan a tabbatar fayil ɗin na wannan samfurin ne daidai, domin DSO-TC2 da DSO-TC3 sun yi kama a ido amma manhajarsu daban ce. Sau da yawa kwamfuta takan ƙi ganin na'urar saboda wayar USB ta caji ce kawai, kuma sauya waya ya wadatar. A cika batir tukuna, kada kuma a zare waya ana tsakiyar rubuta fayil ɗin a kan na'urar.

Inda na fi jin takaici shi ne magwajin taranzista masu arha da suka samo asali daga aikin Markus Frejek, wanda Karl-Heinz Kübbeler da Markus Reschke suka faɗaɗa a kan ƙwaƙwalwar ATmega328. Masana'antu da dama suna kulle manhajarsu ta yadda ba a iya kwafe ta, kuma da zarar an goge ta tafi ke nan. Wasu ma sun sa wata ƙwaƙwalwar daban wadda fayil ɗin ba ya hawa kanta. Wajibi ne a buɗe murfi a karanta sunan ƙwaƙwalwar, a duba ko kiristal ɗin da ke saita saurinta na megahaz 8 ne ko 16, a san irin allon nunin, sannan a rubuta fayil ɗin EEPROM (ƙaramar ma'ajiyar bayanai ta cikin ƙwaƙwalwar) tare da babban fayil, domin mantawa da na EEPROM kan hargitsa haruffan allo.

Bayan haka mutane kan tsallake daidaita ma'auni, su zargi sabuwar sigar da ƙarya. Ana haɗe ƙafafun gwaji uku domin na'urar ta gwada kanta, a raba su idan ta nema, a manhajar Kübbeler kuma a sa kafasita mai akalla nanofarad 100 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 3.