Kafin ka ɗaga Hilux ɗinka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambaya ko ɗaga akori-kura, wato ƙara mata tsayi daga ƙasa, na da amfani, ga abin da na gani a tawa.

Idan a kwalta kake yini, bar kuɗinka a aljihu. Kyan gani kawai za ka saya.

Ni hanyar gona ce ta tilasta min, da damina ƙarƙashin motar na gogar ƙasa. Na sa aka ɗaga ta inci 2, wato kamar santimita 5, da sabbin sifirin da shokozoba. Wannan ya wadatar. Abin da bakanike bai gaya min ba shi ne, tulun aksul na baya, wato ƙullutun nan da ke tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, bai tashi ko kaɗan ba. Jiki ne ya hau, aksul kuwa sai babbar taya ke ɗaga shi. Ranar da na kafe a taɓo, tulun nan ne ya zauna daram a kan tudun tsakiyar hanya.

Kada ka zarce inci 2 ɗin nan. Da ka wuce, shaf ɗin gaba, wato sandar da ke juya tayar gaba, zai karkace, robarsa ta yage, giris ya zube, ka fara jin ƙas-ƙas in ka murza sitiyari. Babbar taya kuma mai take sha, wallahi ba kaɗan ba.

A kwana sassauta ƙafa, musamman da lodin buhuna a baya, don motar da aka ɗaga ba ta da wuyar kifewa. Ana gama aikin kuma ka wuce wurin masu alaimen, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe guda.