Yadda ake yi idan an tsinci matattun tsuntsayen ruwa

Da hunturu ya kama, agwagin daji kan taso daga Turai da Asiya su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru, wasu kuma su ya da zango a madatsun ruwa irin Sabke da Daberam na jihar Katsina. Cikinsu akwai masu ɗauke da ƙwayar murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alamar ciwo ba, sai dai su bar ta a kashinsu a bakin ruwa. Tun 2006 da aka fara tabbatar da nau'inta da ake kira H5N1 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, cutar ke zuwa tana komawa. Masunta da 'yan lambu da makiyaya su suka fi kowa damar fara ganinta.

Da farko, kada ka taɓa. Wanda ya riga ya mutu mushe ne, ba mai ci, amma taɓa shi ma haɗari ne. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka samu yana layi ya kasa tashi, yaro ya kama ya kai gida a yanka, a fige shi a tsakar gida kaji na tsattsagar hanjin. Cutar tana kama mutum, ta kashe wata mata a Legas a 2007.

Sai ka tsaya nesa ka ƙirga su, ka ɗauki hoto da waya, ka riƙe wurin da ranar. Dinya ce ko kirinjijiya ko balbela? Faɗin irin tsuntsun na taimakawa.

Daga nan ka sanar da ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar, in ya yi nisa ka faɗa wa mai unguwa. Gaggawar tana da dalili: gawa na ruɓewa, karnuka na ja. Ma'aikatan dabbobi za su zo da safar hannu su shafo maƙogwaro da duburar tsuntsun, su sa a ƙanƙara a kai cibiyar binciken dabbobi da ke Vom a jihar Filato. Sai an yi gwaji, don ido ba ya bambance murar tsuntsaye da annobar kajin da aka saba da ita.

Kafin ka shiga gida, wanke takalmi da hannu da sabulu. Ka killace kaji da zabi, ka raba su da agwagi, a daina ba su ruwan dam. In ka ga zankon zakara ya yi shuɗi, kai ya kumbura, ko kaji na faɗuwa dare ɗaya, kada ka kwashi sauran zuwa kasuwar Mai'aduwa don rage asara. Koma wurin ma'aikacin nan ka gaya masa.