Kurakuran da ke hana masu larurar gani amfani da manhaja

Wanda ba ya gani yana sarrafa waya ne da kunne. Akwai manhajojin da ke karanta masa allo da murya: a Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, a kwamfuta kuma NVDA ko JAWS. Yana shafa allo da yatsa, waya tana karanta masa abin da ya taɓa. Abin da ba a rubuta ba kuwa, sau da yawa ba ta da bakin faɗarsa.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maɓalli marar suna. Mai zane ya sa hoton kibiya ko ɗan kwandon shara, ya ga ya yi kyau, ya wuce abinsa. Makaho ya taɓa, waya ta ce masa maɓalli ne, ta yi shiru. Na tura kuɗi ne, ko na goge saƙo? Dole ya miƙa wa wani wayarsa, har da lambar sirrinsa ta banki. Gyaran ba wuya: a rubuta wa kowane maɓalli sunan aikinsa a cikin manhajar, "Tura kuɗi", "Goge saƙo".

Mu ma da ba injiniyoyi ba muna da namu. Sanarwar ɗaurin aure ko gurbin aiki sai a zana ta a hoto a watsa a Facebook da WhatsApp, alhali ba lallai waya ta iya karanta wa makaho rubutun da ke cikin hoto ba. A daure a rubuta rana da wuri da lokaci a ƙasan hoton.

Sai dogaro da launi kaɗai. Ja na nufin ciniki bai shiga ba, kore ya shiga, alhali akwai mutanen da idonsu ba ya bambanta ja da kore. A haɗa da kalma. Haka rubutu ruwan toka a kan fari: ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu larura amfani da intanet, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, ko 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Mai duba waya a tsakar rana a kasuwa ma zai ji daɗinsa.

Hoton da ke walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya yana iya tayar da farfaɗiya, a cire shi.

Kafin ka saki manhaja, kunna TalkBack, ka rufe ido, ka gwada tura saƙo ɗaya tun daga buɗewa har ya tafi. Daga nan ka nemo mai larurar gani ya gwada maka, ka biya shi ladan aikinsa.