Yadda na hana manhajar bashi tura wa mutanena saƙo

Na biya bashin tun mako biyu, amma saƙon ɓatanci bai daina zuwa wayoyin 'yan'uwana ba. Na toshe lambobin masu manhajar, suka canja wasu. Na yi ƙoƙarin goge manhajar, ta ƙi goguwa.

Ashe ta sa kanta cikin masu iko da na'ura. A saitin Android, ƙarƙashin tsaro, akwai wurin da aka rubuta "Device admin apps". Sai na kashe ta a can tukuna. Kafin gogewa na shiga sashen manhajoji, na janye izinin lambobin waya, saƙonni, tarihin kira da hotuna, na share bayanan ajiyarta.

Wannan bai isa ba, don sun riga sun kwafe lambobin zuwa nasu rumbun. Abin da ya yi aiki shi ne takarda. Na aika musu imel da shaidar biya, na ce na janye amincewata, su goge bayanaina bisa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Na kai ƙorafi hukumomin FCCPC (mai kare haƙƙin masu sayayya) da NDPC (mai kare bayanan jama'a) da hotunan saƙonnin, kowane da lamba da kwanan wata a bayyane. Kada a goge saƙonnin, su ne hujja.

Tun 31 ga Mayu 2023 Google ta hana manhajojin bashi na Play Store taɓa lambobi da hotuna. Amma wannan manhajar ba daga can na sauke ta ba, ta linki aka turo min ita.

Saƙonnin sun tsaya. Alhamdu lillahi.