Yadda ake gano matsalar cajar batir na biyu idan wutar cek injin ta kama

Wannan bayani na masu bas ne da suka gyara bayanta don tafiya ko sana'a, suka sa firji, fanka da inbata a kan batir na biyu, sannan suka haɗa shi da batirin injin ta hanyar cajar DC-DC, wato na'urar da ke jan wuta daga batirin injin tana cajin na biyu. Yawancin waɗanda nake gani a garejojin Sabon Gari da Kwangila a Zariya, da zarar wuta ta kama a dashbod sai su ce a goge ta da sikana, na'urar da ke karanta lambar matsalar mota, ko su je su sayi sabuwar altaneta. Duk biyun ɓarnar kuɗi ce idan ba a auna komai ba.

Da farko ka duba wace wuta ce. Ja mai hoton batir tana nufin altaneta ba ta caji. Ruwan ɗorawa mai hoton injin ita ce cek injin. Idan tana ƙiftawa, injin ne ke tsallake wuta, ka samu wuri ka tsaya, wannan ba zancen caja ba ne.

Sai ka sa sikana a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ka rubuta lambar kafin kowa ya goge ta. P0562 na nufin wutar mota ta yi ƙasa, P0563 ta yi yawa, P0620 kuma matsala ce a layin da ke sarrafa altaneta. Irin waɗannan ne ke da alaƙa da aikinmu. Ƙaramar sikana mai Bluetooth da ke aiki da waya ta isa, kuma ta fi biyan kuɗin dubawa kullum araha. Bayan ka rubuta, cire fis ɗin da ke kai wuta zuwa cajar, goge lambar, ka yi 'yan kwanaki kana hawa motar. Idan wutar ta dawo alhali cajar ba ta aiki, ka ƙyale cajar, laifin na motar ne. Idan ba ta dawo ba, ci gaba.

Yanzu inda kusan kowa ke faɗuwa: baƙar waya, wato ta nagatif. Buɗe wurin batirin injin ka kalli kan nagatif. A motocin zamani, musamman 'yan Turai irin su Sprinter da Transit na matakin Euro 6 (ƙa'idar rage hayaƙin mota ta Turai), za ka ga wani ɗan akwati maƙale da kan batirin da siririyar waya a jikinsa. Na'ura ce mai ƙirga duk wutar da ke shiga batir da wadda ke fita, tana kai wa ƙwaƙwalwar mota rahoto. Rewaya da ya saba da tsohuwar Hiace zai ɗaure baƙar wayar cajar kai tsaye a kan batirin, tunda haka aka koya masa. To wutar da cajar ke ja ta bi ta bayan na'urar ke nan. Cajar 30A kan ja 35A ko fiye daga gaba, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta san da zancen ba. Tana ganin batir a cike yake, sai ta sassauta wa altaneta, batir ya yi ta zubewa a hankali har wata safiya motar ta ƙi tashi ko lambar ƙarancin wuta ta fito. Kamar mai shago ne da ake kwasar kaya ta ƙofar baya, littafinsa na cewa komai lafiya. Maganin bai kai kuɗin lemo ba: a mayar da baƙar wayar jikin bodi, a kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam. Ni ko motar ba ta da wannan na'ura, a bodi nake cewa a ɗaure.

Bayan wannan sai mitar auna wuta. Motar da ta kwana a kashe, batir mai lafiya zai nuna 12.6V ko kusa. Tayar da ita. Tsohuwar altaneta tana tsayawa tsakanin 13.8V da 14.4V. Ta zamani kuwa yawo take yi, ta haura kusan 15V idan ka ɗaga ƙafa daga totur, ta sauko wajen 12.5V kana cikin gudu. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta don rage shan mai. Amma cajar da ke jiran ganin wuta sama da 13V kafin ta kama za ta riƙa ɗaukewa a hanyar Kano tana dawowa. Irin wannan a shiga saitinta a zaɓi na altanetar zamani, ko a ja mata wayar sigina daga fis ɗin da ke samun wuta sai an murɗa makulli. Kada a kuskura a yanki siririyar wayar da ke bayan altaneta don neman sigina, saƙon ƙwaƙwalwa ke bi ta nan, kuma taɓa ta kaɗai na iya kunna wuta a dashbod. Sai dai ka kiyaye: da wayar makulli, in ka bar makulli a buɗe injin a kashe, batirin gaba ne zai biya.

Idan cajar na kamawa tana saki kowane 'yan daƙiƙu, auna a kan batirin injin, ka sake aunawa a bakin cajar, duka tana cikin aiki. Bambancin da ya wuce 0.5V waya ce ta yi siriri ko haɗi ya saki. Daga gaban bas zuwa baya, cajar 30A ba na yarda da abin da bai kai 16mm² ba, kuma ka kankare bakin wayar a shago tun kafin ka biya, don akwai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, cikinta fari ne.

Sauran ba su da wuya. Cajar da ke aiki da safe ta rage ƙarfi da rana zafi ne ya dame ta, kuma ka san Zariya a Maris da Afirilu. Fito da ita daga cikin akwati, ka kafa ta a tsaye inda iska ke ratsawa, ka riƙa hure mata ƙurar hunturu. Idan fambel na kuka lokacin da ta kama, a ja shi ko a canza. Batirin litiyam da ya cika yana yanke caji da kansa, ba matsala ba ce, amma ka tabbatar an saita cajar kan nau'in batirin da ke ciki. Fis kuma biyu ne, ɗaya dab da kowane batir.