Yadda za ka ci gaba da aiki a ranar da zuciya ta ƙi

Akwai ranar da ma'aikaci zai isa ofis a kan lokaci, ya sa hannu a rajista, ya zauna a kujerarsa, amma har a kira azahar bai taɓa komai ba. Ya buɗe fayil ya rufe, ya duba waya, ya leƙa ofishin kusa a gaisa, ya dawo ya sake duba waya. Idan ka tambaye shi sai ya ce, "Wallahi yau jikina a mace yake." Kuma ba ƙarya yake yi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai na cinye kaso mai tsoka na albashin mutane da yawa, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuwa kowa ya san inda yake tsayawa a kasuwa. Ga ƙarin girman da aka daɗe ana jira, ga shugaban da ba ya ganin ƙoƙari sai kuskure.

Duk da haka, fayil ɗin da ke kan teburinka na wani ne. Wataƙila na dattijon da ke jiran kuɗin sallamarsa ne, ko na ɗalibar da sakamakonta ya maƙale. Ba su san halin da zuciyarka take ciki ba, kuma ba za su iya jira sai ta huce ba. Shi ya sa nake ganin babban kuskure shi ne zaman jiran himma ta dawo kafin a fara. Galibi sai an fara take zuwa. Abin da kake buƙata shi ne tsarin da zai tafi da kai ko da ba ka jin yi.

Da farko, gano abin da ke damunka

Ba kowace kasala ce kasala ba. Tambayi kanka: awa nawa na yi barci jiya? Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7, kuma wanda ya kwana yana fama da zafi da sauro babu wuta ba rago ba ne, barci ne bai ishe shi ba. Na karya kuwa? Na sha ruwa? Idan mutuwar jikin ta ɗauki kwanaki, je ka asibiti a auna jininka. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da ciwon suga duk suna iya fara nuna kansu da irin wannan gajiyar, kuma babu wata dabarar tsara lokaci da za ta yi maganinsu.

Idan lafiya lau kake, duba aikin kansa. Sau da yawa aiki guda ne kake gudu, shi ne ya hana ka taɓa sauran: rahoton da ba ka san ta inda za ka fara ba, ko takardar da oga ya dawo maka da ita da jan biro. Kira shi da sunansa, domin shi za ka tunkara.

Sannan ka farfasa shi har ya zama abin da hannu zai iya yi

"Kammala rahoton wata" ba aiki ba ne, buri ne, kuma zuciyar da ta gaji ba ta ɗaukar buri. Rubuta abin da hannunka zai yi a zahiri: ɗauko rahoton watan jiya, kwafo kanun da ke cikinsa, kira akawu ya ba ni alƙaluman makon ƙarshe. Malamin da ke da takardun jarrabawar aji uku kada ya aje su duka a gabansa. Ya ware guda 10, ya mayar da sauran cikin durowa ya rufe. Akwai ma hanyar da ta fi sauƙi: ya duba tambaya ta ɗaya a duk takardun goman, sannan ya dawo ta biyu, saboda amsar tana nan a kansa, ba sai ya riƙa komawa takardar amsoshi ba.

Ka sa wa kowane guntun aiki lokaci da wuri. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, Peter Gollwitzer, ya nuna a bincikensa na shekarun 1990 cewa wanda ya ƙudurta "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya a "zan yi". Mu kuwa an riga an yanka mana yini da lokutan salla, sai mu yi amfani da su. "Da na dawo daga azahar, kafin in zauna hira da kowa, zan rubuta wasiƙar nan." Wannan ya fi "zan rubuta ta yau" ƙarfi nesa ba kusa ba.

Fara da minti biyar

A nan ne yaƙin yake, don haka zan ɗan daɗe. Yi wa kanka alƙawari na gaskiya: minti biyar zan yi, idan sun cika ban ji zan ci gaba ba, zan tashi. Kada ka yaudari kanka, idan ka ga dama ka tashi ɗin. Abin da za ka lura da shi shi ne nauyin yana bakin farawa ne. Da zarar ka rubuta layi biyu, ko ka duba takarda uku, sai ka ga barin aikin a haka ya fi ci gaba da shi damunka.

Kada ka nemi kyau a wannan zaman na farko. Rubuta wasiƙar yadda ta zo, da kurakuranta, gyara na zuwa daga baya. Mutane da yawa da ake wa kallon ragwaye, tsoron kada aikin ya fito ba daidai ba ne ya ɗaure musu hannu.

Idan minti biyar ta kama, sai ka shiga zaman minti 25. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro wannan tsarin a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibin jami'a, da ɗan agogon kicin: aiki na minti 25 ba ko waiwaye, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu kuma hutu mai ɗan tsawo. Ba dole sai 25 ba. A ranar da jiki ya ƙi sosai, minti 15 ma ta wadatar. Abin da ba na so a yi wasa da shi shi ne hutun. Tashi tsaye, sha ruwa, fita baranda ka miƙe. Kada ka yi hutun a cikin waya, don minti 5 a WhatsApp ko TikTok ba ta taɓa tsayawa a 5.

Zagaye uku ko huɗu a irin wannan ranar ba kaɗan ba ne. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A kan ibada aka faɗe shi, amma duk wanda ya taɓa barin aiki ya taru masa, ya zo yana kwana a kansa ranar ƙarshe, ya san hikimar ta shafi teburin ofis ma.

Waya

Kashe data, sa ta a jaka ko a durowa, ba a kife a kan tebur ba. Idan aikinka na amsa kira ne, bar kira a buɗe ka rufe sanarwar rukunonin 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai. Duba saƙonni a lokacin da ka ware, misali bayan kowane zagaye biyu.

Bi yanayin jikinka da na garinku

Da sanyin safiya ake kama fara. Aikin da ya fi buƙatar tunani, ba shi awa biyun farko, kafin ofis ya cika da masu shigowa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, wanda ya bar lissafi mai wuya zuwa ƙarfe biyu na rana ya zalunci kansa. Bayan azahar na ƙananan ayyuka ne: jera takardu, sa hannu, mayar da amsar wasiƙu, kiran waya. Idan wurin aikinka da hali, ƙailula ta minti 15 zuwa 20 tana dawo da mutum, amma kada ta wuce haka, in ba haka ba za ka tashi kai ya yi nauyi. A watan azumi ma haka tsarin yake, sai dai a ƙara matso da manyan ayyuka gaba.

Ga wata dabara da na ga tana ceton yini: raba ayyukanka gida biyu, na wuta da wanda ba ya buƙatar wuta. Idan an kawo wuta, ko an tada janareta, nan take ka hau na kwamfuta da na firinta. Idan an ɗauke, ga jerin na biro da takarda yana jira. Ɗauke wuta ya daɗe yana zama hujjar zaman banza, alhali rabin aikin ofis ba ruwansa da soket.

Sa mutane a ciki

Nemi abokin aiki guda da ka yarda da shi ka ce masa, "Malam, kafin la'asar zan kawo maka wannan ka duba mini." Kunyar zuwa hannu biyu za ta tura ka inda niyya ta kasa. Mai shigowa hira kuma ba sai ka ɗaure masa fuska ba. Ku gaisa sosai, sannan ka ce, "Don Allah yi mini haƙuri in ƙarasa wannan, zan same ka a masallaci."

Idan yawan aikin ne ya kashe maka gwiwa, je wurin shugabanka da takarda a hannu, ba da ƙorafi ba: "Ranka ya daɗe, abubuwa uku ne a hannuna, duka an ce na gaggawa ne. Wanne kake so in fara miƙawa?" Yawancin shugabanni za su zaɓa, kuma daga nan nauyin zaɓin ya bar wuyanka.

Kafin ka tashi

Rubuta abin da ka gama yau, komai ƙanƙantarsa, a littafi guda da ba ka canzawa. A ƙarƙashinsa rubuta abu ɗaya da za ka fara da shi gobe, ka bar fayil ɗin a saman tebur da alama a shafin da ka tsaya. Gobe ba za ka ɓata rabin awa kana tunanin ta ina za a fara ba.

Wannan littafin yana da wani amfanin. Idan ka duba ka ga makonni suna wucewa shafukan ba komai duk da ƙoƙarinka, to lamarin ya wuce kasalar yini guda. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace irin gajiyar da matsin aiki na dogon lokaci ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin ka tsani aikin ko ka yi nesa da shi a zuci, da raguwar ƙwazo. Mai wannan halin hutu yake buƙata, don haka nemi hutunka na shekara ka tafi da gaske, kada ka yi shi kana amsa kiran ofis. Idan kuma baƙin ciki ne ya zauna maka har mako biyu ko fiye, ba ka jin daɗin abin da ka saba jin daɗinsa, barci da cin abinci sun rikice, to ka ga likita, ka kuma faɗa wa wani na kusa da kai. Ana samun masu duba wannan a asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, kuma ciwo ne da ake magani a warke.